Garantin Kaya: Ina Alhakin Mai Shago Ya Tsaya, Ina Na Mai Saye Ya Fara?

Manomin Suru
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman masu sani su warware mini wata magana da ta raba kawunan mutane a fadamarmu. Idan ɗan kasuwa ya sayar wa mutum da injin ban ruwa sabo a kwalinsa, ya ce masa akwai garantin wata shida, sannan injin ya buga tun shinkafa ba ta rufe ƙasa ba, shin yana da hurumin cewa babu ruwansa, don wai mai injin ne bai kula da shi ba? Abin ya faru ne ga ƙanena a noman ranin bana. Da ya mayar da injin Birnin Kebbi, mai shagon ya sa yaronsa ya kwance murfin baƙin mai, ya lakato man da yatsa ya murza, ya nuna masa yadda ya yi baƙi ƙirin ya tsinke, ya ce garanti ya faɗi. A nawa ganin, wanda ya ce maka garanti alkawari ya ɗauka, kuma bai dace a ɓullo da sharaɗi bayan kuɗi sun shiga aljihu ba.

Bakaniken Jega
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar wa ƙanen naka da alheri. Kafin a yanke wa kowa hukunci, ina so ka tambaye shi ko ya juye man farko. Sabon inji yana cin jikinsa a sa'o'in farko, domin fistin da ringi suna gogar bangon silinda kafin su zauna, kuma ɓurɓushin ƙarfen da ke fita a cikin man yake taruwa. Shi ya sa littattafan irin waɗannan ƙananan injina suke cewa a zubar da man farko bayan awa 20 na aiki, daga nan kuma a riƙa canzawa duk bayan awa 100. Manomin rani da ke tayar da inji da hantsi ya kashe bayan la'asar zai cinye awa 20 ɗin nan cikin 'yan kwanaki, alhali da yawa daga cikin mutanenmu ba su san ana zubar da mai ba, ƙari kawai suke yi idan ya ragu. Idan haka ce ta faru, gaskiya ba masana'anta ce ta kashe injin ba. Amma akwai ɓarnar da ni kaina zan yi shaidar cewa daga can ta zo, kamar karanshaf ya karye alhali mai yana nan garau, ko gangar famfon ta tsage a wurin da narkon ƙarfen bai haɗu ba. Irin wannan ko kwana ɗaya ya rage a garanti, haƙƙin mai saye ne.

Manomin Suru
Na tambaye shi, Oga, ya ce bai juye ba, kuma ya rantse babu wanda ya gaya masa. An gwada masa injin a bakin shago, aka ɗaure masa a bayan babur, shi ke nan. Littafin da ke cikin kwalin da Turanci da rubutun Sin aka buga shi, shi kuwa karatun allo ya yi. To ta yaya za a kama mutum da laifin saɓa ƙa'idar da ba a taɓa karanta masa ba?

Alhajin Layin 'Yan Wuta
Ni ɗan kasuwa ne, kayan wuta da wayoyi nake sayarwa, kuma ina roƙon a saurari ɓangarenmu da adalci. Yawancin kayan da ke kasuwanninmu daga Alaba ta Legas, ko Anacha, ko Sabon Garin Kano muke ɗauko su, kuma sau da yawa iyakar abin da dila zai yi maka shi ne ya kunna a gabanka ka ga yana aiki. Idan na ce wa abokin ciniki garanti, daga aljihuna nake faɗa, ribar da ke kan kayan kuwa wani lokaci ba ta kai kuɗin motar mayar da shi Legas ba. Duk da haka muna yi, domin muna so mutum ya dawo gobe. Abin da ke karya mana gwiwa shi ne rashin gaskiyar wasu masu saye. Mutum zai kawo waya ya ce haka kawai ta mutu cikin dare, ka buɗe ka tarar da ɗan farin tambarin nan da kamfani ke mannawa a ciki ya koma ja, alhali ba ya canza launi sai danshi ya taɓa shi, ga kuma tsatsa a bakin caji. Wani zai sayi janareto ranar Alhamis, a yi biki da shi har Lahadi, ranar Litinin ya dawo da shi ya ce ƙararsa ba ta yi masa ba. Idan muka karɓi duk irin wannan, shagon ba zai ga ƙarshen shekara ba.

Uwar Khadija
Alhaji, na ji bayaninka, kuma mai kawo wayar da ta faɗa ruwa ya ɓoye bai kyauta ba. Amma ina so ka duba nawa. Da kuɗin adashe na sayi firiza domin sana'ar ƙanƙara da zoɓo, aka rubuta mini garantin shekara ɗaya a rasit. Da bazara ta kama, firizar ta fara wani gurnani tana ɗaukewa, daga baya ta yi shiru. Mai gyaran da shagon ya turo ya ce kwamfuresa ce ta ƙone saboda ƙarancin wuta, don haka babu garanti. Ni ban taɓa jona ta da wani abu ba sai bangon ɗakina, ban buga ta ba, ban bari yara sun yi wasa da ita ba. Shin wutar da ake kawo wa unguwarmu ni ce na rage mata ƙarfi?

Injiniyan Sola
Hajiya, tambayarki ita ce mafi wuya a duk wannan zance, domin ɓarnar ba daga masana'anta ta fito ba, kuma ba za a ce ganganci kika yi ba. Wutar gida a Najeriya an tsara ta ne a kan bolt 230. Idan ta faɗi ƙasa sosai, kamar yadda take yi da zafi lokacin da kowa ya kunna fanka da firiji, kwamfuresa tana ƙoƙarin tashi ta kasa, sai ta riƙa jan wuta fiye da kima, wayoyin cikinta su yi zafi har su ƙone. Gurnanin da kika ji kukan wannan wahalar ne. Haka kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, kwamfuresa tana bukatar 'yan mintuna kafin iskar cikinta ta daidaita, shi ya sa sitabilaiza mai jinkirta kunnawa take da amfani. Kusan duk katin garantin firiji da na taɓa karantawa ya cire ɓarnar hawa da saukar wuta. To amma ga ra'ayina: wanda yake sayar da firiza a Kebbi ya fi kowa sanin halin wutarmu, kuma idan ya bar mace ta ɗauki kaya ba tare da ya ce mata kada ta jona sai da sitabilaiza ba, yana da kaso a cikin asarar, ko da takarda ta wanke shi.

Alhajin Layin 'Yan Wuta
Injiniya, muna faɗa. Sai dai idan ka ce wa mutum ya ƙara sitabilaiza, gani yake yi kana son ƙara masa ciniki ne, sai ya ce zai dawo ya saya idan ya sami kuɗi.

Uwar Khadija
Ni dai, Alhaji, Allah shi ne shaidata, ba a faɗa mini ba. Da an faɗa, da na haƙura na ƙara wata ɗaya ina tari na haɗa su tare.

Barista Ɗan Yauri
Bari in shigo da abin da doka ta ce, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa garanti alfarma ce da mai shago yake yi idan ya ga dama. Akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa tun 1992. A ƙarƙashinta, duk wanda ya sayi kaya yana da haƙƙin samun abu mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka san irinsa da shi, ko an ba shi katin garanti ko ba a ba shi ba. Idan kayan ya gaza kai wannan matsayi, mai saye yana iya mayar da shi cikin wata 3 daga ranar da ya karɓa, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar ta sha bayyana cewa rubutun da ake yi a ƙasan rasit na cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba ya soke wannan haƙƙi. Dokar ta kuma yi maganar haƙƙin samun bayani cikin lafazi bayyananne da talaka zai fahimta, kuma nan ne nake ganin maganar Manomin Suru tana da ƙafa. Sai dai kada a ɗauke ni da nisa: doka tana magana ne a kan aibin da ke jikin kaya, ba ta ce mai shago ya biya abin da mutum ya lalata da hannunsa ba. Wanda ya tayar da famfo babu ruwa a cikinsa har sil ɗin da ke hana shi yoyo ya ƙone, ko ya yar da waya gilashi ya fashe, dokar ba za ta tsaya masa ba. Shawarata ga kowa ita ce ya adana rasit, ya tabbatar an rubuta lambar kayan da ranar saye da tsawon garanti a kansa, idan waya ce a danna *#06# a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Garantin baki idan aka zo gaban alƙali musu yake komawa.

Baba Tsohon Hedimasta
Barista, Allah ya saka da alheri. Amma ɗana, manomin da ke ƙauyen Suru ko Bagudo, ina zai ga wannan hukuma? Kafin takardarsa ta isa inda za ta, shinkafar ta bushe. Ni a sanina, irin wannan rigima a wurin shugabannin kasuwa ko gaban mai unguwa take ƙarewa, kuma a can ba a tambayar sashen doka, ana tambayar wa ya faɗi gaskiya ne.

Barista Ɗan Yauri
Haka ne, Baba, kuma ban raina sulhun kasuwa ba, shi ne ma mataki na farko da nake ba kowa shawara. Amfanin sanin dokar shi ne mutum ya zauna wurin sulhu ya san haƙƙinsa yake nema, ba roƙo ya zo yi ba. Hukumar kuma tana karɓar koke ta intanet, ɗa ko ƙane mai waya zai iya shigar wa mutum.

Ɗalibin Gwandu
Da izinin malamaina da ke wannan zaure, ina so in tuna mana cewa addininmu ya riga ya shimfiɗa wannan babi. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Saboda haka ɗan kasuwar da ya san injin da yake sayarwa jabu ne, ko ya san ba zai jure aikin fadama ba, ya yi shiru, ba shi da mafaka a bayan katin garanti. Akwai kuma hadisin dabbar da aka ƙi tatsa domin hantsarta ta cika a yaudari mai saye. An ba mai sayen zaɓi, ya riƙe ko ya mayar, amma idan zai mayar sai ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ku duba adalcin da ke nan: an cuce shi, an ba shi damar mayarwa, duk da haka ba a bar shi ya ci amfanin banza ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa idan mutum ya sayi abu ya gano tsohon aibi, alhali wani sabon aibi mai ɓatawa ya auku a hannunsa, yana da zaɓi biyu, ya riƙe kayan a rage masa ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon aibin ya rage. Wannan yana nuna mana cewa ba dole ne asara ta faɗa kan mutum ɗaya dungurungum ba, ana iya raba ta gwargwadon hannun kowa a cikinta. Ga 'yan kasuwa kuma, akwai falala babba ga wanda ya yarda ya warware ciniki da ɗan'uwansa da ya yi nadama, ko da shari'a ba ta tilasta masa ba.

Alhajin Layin 'Yan Wuta
Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya kwanta mini, musamman maganar raba asara. Amma ina roƙon a riƙa yi wa masu saye irin wannan wa'azi su ma, domin wanda ya ɓoye cewa wayarsa ta faɗa randa shi ma algus ya yi.

Ɗalibin Gwandu
Babu shakka, Alhaji. Haramcin ha'inci bai ware mai saye ba, kuma rantsuwar ƙarya domin a canza wa mutum kaya cin dukiyar ɗan'uwa ne ba da haƙƙi ba.

Bazamfariya a Ingila
Ina bin wannan muhawara daga nesa, kuma ina so in gyara wani zato da nake yawan ji idan na zo hutu Gusau, cewa a Turai duk abin da ya sami kaya ana canza wa mutum. Ba haka ba ne. A Ingila dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma akwai garantin doka na shekara 2, amma ko a nan idan ka zubar wa kwamfuta shayi ko ka yar da waya, naka ne, sai idan ka sayi inshora ta daban. Bambancin da na gani shi ne a kan wanda aka ɗora wa nauyin kawo hujja. A Ingila, idan matsala ta bayyana cikin wata 6 na farko, ana ɗauka cewa da ita kayan ya zo, sai mai sayarwa ya tabbatar da akasin haka. A wurinmu kuwa mai shago shi ne wanda ake ƙara, shi ne mai bincike, shi ne alƙali. Yaron shago ya murza mai da yatsa, magana ta ƙare. Ko da abin da ya faɗa gaskiya ne, mai saye ba zai taɓa gamsuwa ba.

Ɗan Kabawa
Tunda ana maganar injin ban ruwa, ina da tambaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu a fadamar Argungu mun mayar da injinanmu suna aiki da gas ɗin girki, ana canza kafireto a jona tukunya. Wasu kuma sun koma famfon sola. Idan mutum ya yi wa sabon inji wannan juyi, garantinsa yana nan?

Bakaniken Jega
Ɗan'uwa, ba ya nan, kuma a wannan ba na ganin laifin mai shago. Da zarar ka cire kafireton da inji ya zo da shi ka sa wani, ka mayar da shi abin da masana'anta ba ta ƙera ba. Gas yana aiki, ni ma ina haɗa wa mutane, amma idan ba a daidaita shi ba inji yana zafi fiye da kima, bawul yana ci. Ina gaya wa duk wanda ya kawo mini sabon inji cewa ya zaɓa, ko ya jira garanti ya ƙare, ko ya san ya sallama shi. Haka ma fetur ɗin 'yan bumburutu da wani lokaci ake gauraya shi da kananzir, da baƙin man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, da jan ruwa ba tare da rariya a bakin tiyo ba har yashi ya cinye fankar famfo. Duk waɗannan suna barin alama, wanda ya san aiki yana buɗewa zai gani.

Injiniyan Sola
Tunda Ɗan Kabawa ya ambaci sola, bari in yi gargaɗi a kan garantin shekara 25 da ake tallata shi, domin ya jawo rigima tsakanina da mutane fiye da komai. Wannan adadi na farantin sola ne kaɗai, kuma abin da yake nufi shi ne bayan shekara 25 farantin zai ci gaba da ba da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Bai shafi farantin da yaro ya jefa da dutse ba, ko wanda iskar farkon damina ta ɗauke don ba a ɗaure shi da kyau ba. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, da batir kowanne da nasa garantin, kuma gajere ne ƙwarai idan aka kwatanta. Batirin ruwa yana so a riƙa duba shi ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ba, kuma ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi kullum. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, mutum kuma ya kulle batura a ɗan ɗakin kwano marar taga, ya jona dutsen guga da hita a ƙaramar inbata, bayan 'yan watanni ya ce an sayar masa da jabu. Amma in faɗi gaskiya a kan abokan sana'ata, akwai masu haɗa wa mutum ƙananan faranti da manyan batura don su karya farashi su sami aiki, batir ba ya taɓa cika, ya mutu da wuri, sannan su ce mai gida ne ya yi masa lodi. Wannan laifin mai haɗawa ne ɗari bisa ɗari.

Maman Ɗan Zuru
Ni abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. An karɓi wayar mijina a garanti ba tare da musu ba, aka ce an tura Kano, muka yi ta zarya har muka gaji muka sayi wata. Garantin da zai raba mutum da kayansa tsawon watanni, da shi da babu kusan ɗaya ne. Ya kamata a riƙa rubuta wa mutum ranar da zai dawo ya karɓa.

Alhajin Layin 'Yan Wuta
Hajiya, wannan koke gaskiya ne. Manyan kamfanonin waya suna da cibiyoyin gyara, kuma idan wayar ta shigo ta hanyar dilansu, kai ta can kai tsaye da rasit ya fi sauri fiye da a bar ta a shago. Matsalar tana ga kayan da ba su da wakili a ƙasar nan, da kuma na hannu da 'yan kwatano, waɗanda garantinsu bai wuce na gwaji na 'yan kwanaki ba. Mutum ya ga sabon inji na sanannen kamfani da wani mai kama da shi a rabin kuɗi, ya ɗauki mai sauƙin, sannan ya nemi ya yi masa shekarun wancan. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai kuma wani abu da ba a taɓo ba. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, idan na mayar wa mutum kuɗinsa na watannin baya ba za su saya masa irin kayan ba, idan kuma na ba shi sabo ni na yi asarar bambancin. Shi ya sa yawancinmu muka fi karkata ga gyara.

Baba Tsohon Hedimasta
Alhaji, na yarda da kai a kan araha, da sharaɗin a gaya wa mutum cewa mai arahar ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a manna sunan babban kamfani a jikin jabu a karɓi kuɗin na ƙwarai. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki aikinta ke nan, amma kafin hukuma, ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu za su iya yin abu mai sauƙi, su buga 'yar takarda da Hausar boko da ajami, a rubuta ranar juye mai, da zuba ruwa a famfo kafin a tayar, da maganar sitabilaiza, a karanta wa mai saye a gaban shaida ya sa hannu ko ya dangwala. Bayan haka duk wanda ya saɓa ba shi da bakin magana, mai shagon da bai bayar ba shi ma ba shi da bakin cewa an yi sakaci.

Manomin Suru
Na gode wa kowa. Na karanta wa ƙanena duk abin da aka rubuta, kuma ya amince cewa rashin juye man yana da hannu a abin da ya faru, amma yana nan a kan bakansa cewa injin ya fara wata ƙara tun ranar farko, kafin a yi maganar awa 20. Mun je wurin shugabannin layin da aka sayi injin, mai shagon ya yarda a kwance shi a gaban wani bakanike da ba nasa ba, idan aka ga aibin masana'anta zai canza, idan kuma ƙonewar mai ce zai ba da kayan gyara a farashin sari, mu biya kuɗin aiki. Har yanzu ina ganin wanda bai yi bayani ba bai kamata ya tsira da sauƙi haka ba, domin a halin yanzu hayar inji muke yi don kada gonar ta bushe, kuma babu wanda ya yi maganar wannan kuɗi.

Barista Ɗan Yauri
Malam, kuɗin haya da asarar amfanin gona suna da wuyar samu, domin yawancin katin garanti suna taƙaita alhakinsu ga kayan kansa, sai dai idan an tabbatar da aibin masana'anta ka nemi a duba maka a cikin sulhun. Ku tabbatar an rubuta abin da aka amince a kai kafin a sa sifana a jikin injin, kuma ɓangarorin biyu su yarda da bakaniken tun farko.

Uwar Khadija
Ni kuma wa zai buɗe tawa kwamfuresar ya ce ga mai laifi, tunda a rufe take ruf? Har yanzu ban ji wanda ya ce mini ga inda zan dosa ba.

Injiniyan Sola
Hajiya, ki sa mai gyaran da kika amince da shi ya auna ta tukuna, domin sau da yawa ɗan rilen da ke tayar da ita ne yake ƙonewa, ita kanta lafiyarta ƙalau, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Idan ta tabbata ta ƙone, ki koma shagon da rasit ɗinki tare da wani babba, ki nemi su ɗauki kuɗin kwamfuresa ke ki ɗauki na gas ɗin da ake ɗura wa firizar da na aiki.

Bakaniken Jega
Manomin Suru, idan za a kwance injin ka tsaya a kai da kanka, kada ka aika. Ka ce a nuna maka wuyan karanshaf da hannun fistin. Idan ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi ya kama, ga zane a bangon silinda daga sama har ƙasa, wannan aikin mataccen mai ne. Idan kuwa aka tarar da kusar hannun fistin ta kwance da kanta, ko wani ƙarfe ya karye fuskar karayar tana da ramuka-ramuka, alhali sauran wuraren suna sheƙi, to ƙarar da ƙanenka ya ji ranar farko gaskiya ce. Ka ɗauki hoton kowane ƙarfe kafin a wanke shi da fetur, ka turo nan mu gani.